Jijjigar Masu Ciki: Maganinta da Idon Ma'aikaciyar Jinya

Kowace shekara akan sami waɗansu cikin masu gama makaranta da ke da niyyar shiga makarantar koyon aikin jinya ko ta ungozoma. In aka tambaye mu mene ne aikin nas, yawancinmu sai mu ce ai ba da magani ne da yin allura. Gaskiya ne, amma wannan shi ne sashe mafi sauƙi na aikin. Abin da ya fi wuya shi ne sanin abin da maganin zai yi bayan ya shiga jiki, da tsayawa a gefen gado ana lura, da gane alamar ɓarna tun tana ƙarama. Domin mu ga haka sosai, bari mu ɗauki cuta guda da magani guda mu bi su daki-daki. Cutar ita ce jijjigar masu ciki, wadda waɗansu ke kira taune-taune. Maganin kuwa sunansa magnesiyam salfet.

Mece ce jijjiga?

Jijjiga ba ta faɗa wa mace haka kawai ba shiri. Akwai wani ciwo da ke gabanta, wanda yakan bayyana bayan ciki ya wuce mako 20. Alamarsa ta fari ita ce hawan jini, watau awo ya kai 140 bisa 90 ko fiye. Ta biyu ita ce samun furotin a cikin fitsari, abin da lafiyayyar ƙoda ba ta bari ya zube da yawa. Idan awon ya kai 160 bisa 110, to, ciwon ya yi tsanani, kuma rai yana cikin hatsari.

Tushen ciwon yana wajen mabiyiya. A farkon ciki, jijiyoyin jini na mahaifa sukan buɗe su yi faɗi domin su kai wa mabiyiya jini isasshe. A wajen waɗansu mata buɗewar ba ta cika. Sai mabiyiya ta shiga ƙarancin jini, ta riƙa sakin waɗansu abubuwa cikin jinin uwa masu lalata bangon jijiyoyin jini na dukan jiki. Jijiyoyin sai su tsuke, jini ya hau. Sai kuma su riƙa yoyo, ruwa ya fita ya taru a fuska da hannuwa. Ƙoda da hanta su sha wahala. Sa'ad da abin ya kai ga ƙwaƙwalwa, sai mace ta sandare, ta soma karkarwa, ta ciji harshe, ta fita hayyacinta. Wannan ita ce jijjiga. Tana iya zuwa kafin naƙuda, ko a cikinta, ko kuwa bayan haihuwa da kwanaki.

Waɗanda ta fi kamawa su ne masu cikin fari, da yara mata masu ƙarancin shekaru, da waɗanda suka haura shekara 40, da masu tagwaye, da masu hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon ƙoda tun kafin ciki, da wadda ta taɓa yin ciwon a cikin baya. Kafin ta faɗi, mace takan yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko ganin hazo-hazo da walƙiya a ido, ko ciwo a saman ciki wajen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Nas da ta ji ɗaya daga cikin waɗannan daga bakin mai ciki ba ta sallame ta da maganin ciwon kai. Awon jini za ta fara yi.

Maganin da tarihinsa

Magnesiyam salfet wani irin gishiri ne, mai araha, wanda ba ya bukatar firiji. A shekarar 1925 wani likita mai suna Lazard, a birnin Los Anjalas na Amurka, ya buga bayanin yadda ya yi wa masu jijjiga allurarsa ta jijiya. A shekarar 1955 Dokta Pritchard na asibitin Parkland a birnin Dalas ya bayyana tsarin ba da shi ta allurar tsoka, tsarin da har yanzu ake kira da sunansa. Duk da haka, shekaru da yawa likitocin Ingila da na ƙasashen da suka koyi aiki a wurinsu sun fi son dayazifam, wanda aka fi sani da Valium.

Gwaji ne ya raba gardama. A shekarar 1995 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a kan mata 1,687 masu jijjiga. Aka ga waɗanda aka ba magnesiyam, hatsarin sake faɗuwarsu ya ragu da kashi 52 cikin 100 in an gwada da masu shan dayazifam. A shekarar 2002 kuma aka buga gwajin da ake kira Magpie, wanda ya haɗa mata 10,141 a ƙasashe 33. Ya nuna cewa in aka ba da maganin tun mace ba ta faɗi ba, hatsarin jijjiga yana raguwa da kashi 58 cikin 100. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a cikin jagorarta cewa shi ne maganin da za a fifita, wajen rigakafi da wajen warkarwa.

A nan gida ma an ga amfaninsa. A shekarar 2008 aka shigar da shi asibitoci 10 na jihar Kano, bayan an horar da likitoci da ungozomomi. Kafin wannan lokaci, cikin mata 100 masu wannan ciwo mai tsanani da ke zuwa asibitocin, wajen 21 sukan rasu. Bayan an soma aiki da shi, adadin ya sauko zuwa wajen 2. Mu lura fa, horo aka fara yi kafin a raba kwalabe.

Yadda ake ba da shi

Kafin kowane magani ya shiga jikin majinyaci, nas tana tabbatar da abubuwa biyar: mutumin da aka rubuta wa ne, maganin da aka rubuta ne, adadin daidai ne, hanyar daidai ce, lokacin kuma ya yi. A wajen magnesiyam, adadi shi ne inda aka fi tuntuɓe, gama yana bukatar lissafi.

Kwalbar da aka fi samu tana da ƙarfin kashi 50 cikin 100, watau giram 1 a cikin kowace mililita 2. Bisa tsarin Pritchard, da farko akan ba da giram 4 ta jijiya. Giram 4 mililita 8 ke nan. Amma wannan ƙarfi ya yi wa jijiya yawa, don haka sai a ƙara mililita 12 na ruwan allura, ya zama mililita 20 mai ƙarfin kashi 20 cikin 100. A tura shi sannu a hankali, kada ya gaza minti 5. Nan take kuma a yi allurar giram 5 a cikin tsokar kowane ɓangare na mazaunai, watau mililita 10 dama, 10 hagu, tare da ɗan maganin kashe zafi a cikin sirinjin, domin allurar tana da raɗaɗi ƙwarai. Duka giram 14 ke nan. Daga nan sai giram 5 bayan kowace awa 4, ana sauya ɓangare, har a cika awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjiga ta ƙarshe, duk wadda ta zo daga baya. In mace ta sake faɗuwa, akan ƙara giram 2 ta jijiya a hankali. Akwai kuma tsarin Zuspan, inda bayan giram 4 na farko akan bar giram 1 yana shiga ta ƙarin ruwa kowace awa.

Mun kawo waɗannan adadi ne domin ɗalibi ya ga cewa lissafin kashi cikin ɗari da muke yi a aji yana da ranarsa. Wanda ya ɗauki mililita a matsayin giram, ko ya manta ya sirka maganin, ko ya tura shi da gaggawa, yana iya tsayar da zuciyar mace a gaban idonsa. Wannan magani na asibiti ne da hannun wanda aka horar. Ba na gida ba ne, ba kuma na kantin magani ba.

Abubuwa uku da nas ke dubawa

Aikin magnesiyam shi ne kwantar da jijiyoyin saƙo, yana kuma rage saƙon da ke tafiya daga jijiya zuwa tsoka. In yana daidai, sai ya hana jijjiga. In ya yi yawa a cikin jini, sai ya ci gaba da kwantarwa har ya kai ga tsokar da muke numfashi da ita, daga nan ya kai ga zuciya. Tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa babu nisa sosai.

Ga inda hatsarin yake. Ƙoda ce kaɗai hanyar da jiki ke fitar da kusan dukan maganin. Ciwon da ake yi wa magani kuwa ƙodar yake taɓawa. Saboda haka adadin da ya yi wa wannan mace daidai yana iya yi wa waccan yawa, ko da yake sirinji ɗaya aka auna musu. Manyan asibitoci suna iya auna magnesiyam a cikin jini, amma yawancin asibitocinmu ba sa bukatar jiran ɗakin gwaji, domin jiki yana nuna alamu bi da bi. Kafin kowace allura, nas tana duba abubuwa uku.

Na ɗaya, zaburar gwiwa. Akan ɗan ɗaga gwiwar mace a lanƙwashe, a buga 'yar guduma mai kan roba a jijiyar da ke ƙasa da ƙoƙon gwiwa. In lafiya, ƙafar za ta harba gaba da kanta. Wannan harbi shi ne abu na farko da ke ɓacewa idan magani ya soma yawa, tun kafin numfashi ya taɓu. Gwiwa ita ce mai gargaɗi. In ta yi shiru, ba a ƙara allura.

Na biyu, numfashi. Nas tana riƙe agogo, ta ƙirga tashin ƙirji har minti guda cur. Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a dakata idan numfashi ya gaza 16 a minti. Waɗansu asibitoci sun sa iyakarsu a 12. Kowace nas tana bin ƙa'idar asibitinta, amma dole ta ƙirga. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wuri kima ba ta isa ba, sai mudun.

Na uku, fitsari. Akan sa wa mace robar fitsari, a riƙa auna abin da ya taru a jaka. Ana so ya kai aƙalla mililita 30 a kowace awa. Mililita 30 cokali biyu ne na cin abinci, abin da mutum zai raina. Amma idan awa 4 suka wuce ba a sami haka ba, alama ce ƙoda ta ja baya, maganin da aka ba da ɗazu yana nan bai fita ba. Ƙara wani a kansa zuba ruwa ne a randar da ta cika.

Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya kasa, nas tana riƙe allurar, ta sanar da likita, ta rubuta. Jinkirta allura bisa hujja yana daga cikin aikin, kamar yadda yin ta yake. In kuwa numfashi ya tsaya ko ya yi rauni ƙwarai, sai a tsayar da maganin, a taimaka mata da jakar hura iska, a yi mata allurar makarinsa ta jijiya a hankali. Makarin shi ne kalsiyam gulukonet, giram 1, watau mililita 10 mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Ƙa'ida ce kada a fasa kwalbar magnesiyam sai makarin yana kusa, an kuma duba ranar lalacewarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya kamata kuma nas ta bambanta alamar hatsari da damuwar da aka saba gani. Mace takan ji zafi ya lulluɓe ta, fuska ta yi ɗumi, ko tashin zuciya, ko kasala. A gwajin Magpie wajen mace ɗaya cikin huɗu ta ji irin wannan. In aka gaya mata tun kafin allura, hankalinta zai kwanta, ba za ta ƙi ta gaba ba. Wurin allurar ma akan duba shi, gama yakan yi ƙurji in ba a kula da tsabta ba.

Sauran wahalolin da ke biyo baya

Magnesiyam yana hana jijjiga, amma ba shi ne maganin hawan jini ba. Jinin da ya tsaya a 160 bisa 110 yana iya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa, ya kawo shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa. Don haka akan haɗa da maganin saukar da jini, kamar haidiralazin, ko labetalol, ko nifedifin. A nan ma akwai iyaka. In aka saukar da jini farat ɗaya, jinin da ke zuwa wa jariri zai ragu. Shi ya sa nas ke maimaita awo a kai a kai bayan ta ba da maganin, tana kuma sauraron bugun zuciyar jariri, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 110 da 160 a minti.

Ƙarin ruwa ma magani ne, yana kuma da nasa hatsarin. Da yake jijiyoyin mace suna yoyo, ruwan da ya yi yawa yakan tsiyaya cikin huhu. Sai ta soma haki, ta kasa kwanciya, wani lokaci har da tari mai kumfa. Jagorar Ingila ta taƙaita ruwa ga irin wannan mace zuwa mililita 80 a awa. Nas takan ƙirga ɗigon ruwan, ta rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ta kuma saurari ƙasan huhu. Ganin fitsari ya yi kaɗan ba hujja ce ta buɗe ruwa ba sai da umarnin likita.

Akwai kuma ɓallewar mabiyiya kafin haihuwa, wadda ke zuwa da ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tauri kamar katako, da jini ko ba jini. Akwai lalacewar hanta da ƙarancin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, inda za a ga jini yana tsatsafowa daga dasashi ko wurin allura ya ƙi tsayawa. Bayan haihuwa kuma, maganin da aka saba yi don tsuke mahaifa mai suna agometirin haramun ne ga mai hawan jini, domin yana ƙara tsuke jijiyoyi. Oksitosin ake ba ta. Nas da ta san wannan, ko an miƙo mata kwalbar cikin gaggawa za ta mayar.

A ƙarshe, tun da mabiyiya ce tushen ciwon, warakar gaske ita ce a raba mace da cikin. Bayan an kwantar da jijjiga an saukar da jini, ana so ta haihu cikin awa 12, ko ta hanyar tayar da naƙuda ko ta tiyata. Amma lura ba ta ƙarewa da kukan jariri, gama mata da dama bayan sun sauka suke faɗuwa.

Rubutu da miƙa aiki

Awa 24 sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Nas ta safe za ta miƙa wa ta rana, ta rana ta miƙa wa ta dare. Abin da ke haɗa su shi ne takardar da ke rataye a ƙafar gado. A ciki akan rubuta lokacin kowace allura da ɓangaren da aka yi ta, da awon jini, da numfashi, da fitsari, da halin gwiwa. In ba a rubuta ba, wadda ta karɓi aiki tana iya maimaita allurar da aka riga aka yi, ko ta tsallake wadda ba a yi ba. Haka nan, awo ɗaya ba ya faɗin labari sosai, jerin awo ne ke faɗi. Numfashi 20, sa'an nan 18, sa'an nan 16 cikin awa uku, magana ce ga mai karanta takarda, ko da yake babu ɗaya cikinsu da ya ƙetare iyaka. Wadda ta cika takarda da lambobin da ba ta auna ba ta rufe idon duk wanda zai zo bayanta.

Ƙaramin asibitin ƙauye da ba shi da halin ci gaba da lura, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi wa mace allurar farko, a tura ta babban asibiti nan da nan. Takardar da za ta tafi da ita dole ta nuna adadin da aka ba ta da lokacin, domin kada a sake yi mata giram 14 a can.

Abin da ya rage gare mu

Ba dukanmu za mu zama nas ba, amma dukanmu muna da iyaye mata, da yayye, da matan 'yan'uwa. Mu ƙarfafa su su riƙa zuwa awon ciki, domin hawan jini ba ya ciwo a farkonsa, sai an auna ake ganinsa. A wajen awo ne ma'aikata ke gane wadda ke bukatar ƙaramin asfirin ko ƙwayar kalsiyam don rigakafi. Mai ciki ko mai jego da ta yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko hazo a ido, ko kumburin fuska, a kai ta asibiti a ranar.

In kuwa ta faɗi a gida, a kwantar da ita a gefen hagu, a kawar da wuta da duk abin da zai ji mata ciwo. Kada a danne ta, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo, gama zai bi ta huhu. Kada kuma a ɓata lokaci ana cewa iska ce. A nemi mota.

Ku kuma masu niyyar sa farar riga, ku riƙe lissafi da kimiyyar jiki da kyau tun yanzu, ku saba wa kanku da faɗin gaskiya a kan abin da kuka auna, ko a ɗakin gwaje-gwajen makaranta ne. Wata rana da tsakar dare, likita yana ɗakin tiyata, za a bar ku da agogo, da 'yar guduma, da jakar fitsari, da ran uwa da na ɗanta.